Ribaɗi da Murabus: Komawa Karkara Tun Daga Zamanin Sarkin Musulmi Bello

A Hausar yau, idan aka ce wane ya yi murabus, abin da mai sauraro zai fahimta shi ne mutumin ya sauka daga sarauta, ko ya ajiye aiki, ya koma gefe ya huta. A bakin ma'aikatan Sakkwato kuwa, kalmar ba ta cika tafiya ita kaɗai ba, sai da rakiyar gona. Da wuya ka zauna da ma'aikacin da furfura ta soma yi wa sallama, bai gaya maka cewa in ya bar aiki ƙauye zai koma ba, ya noma abin da zai ci, ya ɗaure 'yan bisashe, ya huta da awo da kuɗin haya da jiran ƙarshen wata. Wasu sukan ƙara da cewa ko ba kome, ranar da gari ya rikice mai rumbu ba ya kwana da yunwa.

Masana harshe suna mayar da wannan kalma ta murabus zuwa ga kalmar Larabci murabiɗ, watau mai zaman ribaɗi. Juyewar harafin ƙarshe ba abin mamaki ba ce, domin Hausa ba ta barin ɗ a ƙarshen kalma. Juyewar ma'ana ita ce abin dubawa. Murabiɗi shi ne mutumin da ya bar daɗin birni ya tare a bakin iyaka, yana noma da rana yana gadi da dare, kunnensa na sauraren ƙugen yaƙi. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda aka yi irin wannan ƙaura a ƙasar Sakkwato a ƙarni na 19, musamman a hannun Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da abin da ya sa ta tsaya da ƙafafunta, sa'an nan da abin da ya biyo baya sa'ad da mutane suka ci gaba da fita karkara bayan an bar ganuwa ta zube.

Asalin kalmar da tafiyarta

Tushen kalmar a Larabci yana nufin ɗaurewa, kuma da ɗaure dawaki cikin shirin yaƙi aka fara saninta, kamar yadda ta zo a cikin Suratul Anfali. Ayar ƙarshe ta Suratu Ali Imrana ma ta yi umurni da shi, hadisai kuma sun fifita ladan kwana guda a bakin iyaka bisa ga ibadar nafila mai yawa. Daga nan sunan ya koma kan wurin da ake zaman. A gaɓar tekun Tunisiya har yanzu akwai gine-ginen ribaɗin Munastir da na Susa, waɗanda aka yi a ƙarshen ƙarni na 8 da farkon na 9. Daular Murabiɗuna ta ƙarni na 11 daga nan ta sami sunanta, haka ma Rabat, babban birnin Maroko. Faransawa kuma suka ɗauki kalmar suka laƙaba wa kowane malami da suka tarar a Afirka ta Yamma. Ke nan kalma ɗaya ta zama soja a wani wuri, malami a wani, mai ajiye rawani a ƙasar Hausa.

Malaman jihadi sun san wannan tarihi ta hanyar littattafan fiƙihu, Bello kuma ya yi wallafa a kansa, wadda aka sani da suna Arribaɗu wal Hirasa. Amma ina ganin kuskure ne a ɗauka daga littafi kaɗai ya ɗauko dabarar. Kafin ya rubuta kome a kan ribaɗi, ya ga abin da rashinsa yake jawowa da idonsa.

Darasin shekarun yunwa

A watan Fabrairu na 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Mun saba karanta wannan hijira ta fuskar addini da siyasa, mu manta da cewa mutanen da suka yi ta sun bar gidajensu da gonakinsu ana cikin rani, suka sauka a wurin da ba su da rumbu ko guda. Nasarar Tafkin Kwatto a watan Yuni ta zo daidai da faɗuwar damina, lokacin da ya kamata a ce mazaje suna bakin shuka. Wanda bai yi shuka ba kuwa ba ya jiran kaka. Zuwa ƙarshen shekarar jama'a ta sha mummunan kashi a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, inda aka rasa kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Yunwa da cuta suka biyo baya. Neman abinci na daga cikin manyan dalilan da suka sa aka koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara cikin 1805.

A nan ne aka ga illar rundunar da ba ta noma abincinta. Zamfarawa da yawa sun karɓi jama'a hannu bibbiyu da farko, don su ma suna da tsohuwar ƙullalliya da Gobir. Amma baƙon da ya zo da dubban bakuna, ba shi da abin ba su sai abin da ya tarar a rumbun mai gida, ba ya daɗewa yana baƙo. Zumunci ya lalace, garuruwan da suka yi mubaya'a suka juya baya. Bello bai ɓoye wahalar waɗannan shekaru ba a cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala cikin 1812, baffansa Abdullahi kuwa ya fi shi zafin harshe a Tazyinul Waraƙati game da halin da wasu mayaƙa suka shiga na cin dukiyar mutane. Bayan an koma Gwandu, sai ga kashin Alwasa a ƙarshen 1805, abokan gaba suka biyo jama'a har bakin gari, garin kuwa ba shi da ganuwa. Da ƙyar aka kore su. Daga baya aka gina wa Gwandu ganuwa.

Bello yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai duk wannan ya faru. Abubuwa biyu ya fito da su daga ciki, kuma duk wanda ya dubi ayyukansa na baya zai gan su: jama'ar da ba ta da hatsi za ta ci na maƙwabcinta ta mai da shi abokin gaba, wadda ba ta da ganuwa kuma ko ta noma wani zai girbe. Shekara guda bayan faɗuwar Alƙalawa, watau cikin 1809, ya kewaye Sakkwato da ganuwa a bisa tudun da ke kallon mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato. Birnin da muke ciki yau da kansa a matsayin ribaɗi ya soma.

Daga Sakkwato zuwa Wurno

Shehu ya rasu cikin 1817, Bello ya gaje shi, nan take kuma ƙasa ta ɗauki zafi. Abdussalami ya yi tawaye a Kware, wadda ba ta kai tafiyar yini daga Sakkwato ba. Gobirawa suka sake haɗa kansu a gabas da arewa, Katsinawan da aka kora suka kafa Maraɗi, Kabawa na yamma, Azbinawa kuma yau suna tare da kai gobe suna tare da abokin gabanka. Yaƙin wannan zamani galibi hari ne. A faɗo wa ƙauye da asuba, a kore shanu, a kama mutane, a ƙone rumbuna, kafin labari ya kai birni an yi nisa. Runduna mai zama a birni ba ta maganin irin wannan, sai dai ta iso ta tarar da toka.

Amsar Bello ita ce ya fitar da mutane daga cibiya ya zaunar da su a kan hanyoyin da harin yake biyowa, ya fara da kansa. Bature Clapperton, wanda aka sani a nan da suna Abdullahi, da ya dawo karo na biyu cikin 1826 ya tarar da Sarkin Musulmi yana yawan zama a Magariya, sabon gari a gefen fadamar Rima, ya kuma ga yaƙin da aka kai wa Gobirawa a Konya cikin Oktoba na shekarar. Wajen ƙarshen shekarun 1820 Bello ya gina Wurno a kan tudu, arewa maso gabas da Sakkwato, ya mai da ita mazauninsa. A can ya rasu cikin 1837, a can kuma kabarinsa yake. Sarkin da ke da birni irin Sakkwato, da hubbaren mahaifinsa a ciki, ya zaɓi ya ƙare kwanakinsa a garin bakin daga, wannan ba ƙaramin jawabi ba ne ga 'ya'yan sarauta da malaman da suka fara jin daɗin zaure.

Bai bar su su ji daɗin ba kuwa. Ya aika ɗan'uwansa Abubakar Atiku Bakura, ya zaunar da ɗansa Aliyu a Shinaka, Fodiyo kuma a Lajinge. Kware, bayan an murƙushe tawayenta, ta koma hannun zuriyar Shehu, har ƙaramin ɗansa Isa ya shahara da laƙabin Mai Kware. Gandi ma tana cikin wannan jeri na gabas. A kudu da yamma akwai Buhari ɗan Shehu a Tambuwal, da Ahmadu Rufa'i a Silame ta fuskar Kabi. Waɗanda suka gaji Bello suka ɗore a kan haka: Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, a Wurno ya zauna, Ahmadu Atiku da ya biyo shi ya tare a Cimmola, can wajen ƙarshen ƙarnin kuma Marafa Maiturare ya kafa Gwadabawa ya cika arewa da garuruwa. Sauran ƙasashen daula sun yi koyi. A Kano, alal misali, Ibrahim Dabo ya riƙi Fanisau a matsayin ribaɗi don tare Ɗantunku.

To, me ake zubawa a cikin ribaɗi bayan ganuwa? A nan ne littafin Usulus Siyasa yake da amfani, watau nasihar da Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. A cikinta ya lissafa wa mai mulki abin da ya wajaba ya tanadar wa talakawansa na duniya, ban da na lahira. Ya ce a kula da masu sana'ar da jama'a ba ta iya rayuwa sai da su, ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani da mahauta da masassaƙa, ya ce a rarraba su a kowane gari da ƙauye. Ya ce a kwaɗaitar da mutane su nemi abinci su kuma adana shi don gaba, a raya karkara da mutane, a gina garu da gadoji, a gyara kasuwanni da hanyoyi. Mai karatu zai lura da cewa babu abin da mai shirin komawa gona a yau yake tunani wanda ba ya cikin wannan lissafi: abinci, da ajiya, da magani, da tsaro. Bambancin guda ne, amma shi ne kome. Mai murabus na yau gidansa yake lissafa wa, Bello kuwa gari yake lissafa wa. Bai yi zaton mutum guda zai zama manomi kuma maƙeri kuma mai gadi ba. Dogaro da kai a wurinsa sifar gari ce, garin da in an rufe ƙofarsa wata uku zai sami mai ƙera masa kibiya da kalme, da mai jeme masa fata, da liman, da alƙali, da gero a rufewa.

Zaɓen wuri ma ba a yi shi da ka ba. Sakkwato da Kware da Wurno da Shinaka duk a bakin fadama suke, bisa tudu. Tudu ya ba da hange da gero, fadama ta ba da ciyawar doki, da shinkafa, da noman rani na albasa da alkama da rake. Ruwayar baka da marubutan baya suna danganta wa Bello yaɗa ban ruwa da jigo, da kuma sarrafa rake a Gidan Maikara. Garin da ke da girbi biyu a shekara ba ya saurin durƙusawa idan damina guda ta yi gardama.

Mafi wuyar aikin shi ne zaunar da makiyaya. Fulanin daji da Sulluɓawa da sauran masu bin bisashe su ne ƙashin bayan rundunar jihadi, amma da damina ta faɗi sai su watse bin ciyawa, daidai lokacin da ba a iya tara su in an kawo hari. Bello ya matsa musu su zauna a garuruwa, ya ba su filaye da malamai, ya kuma nemi su rage garken shanu su ƙara dawaki da raƙuma da tumaki da awaki, waɗanda suka fi dacewa da zaman wuri ɗaya da bukatun yaƙi. Wannan ra'ayi nasa ya fito fili a wasiƙar da ya aika wa Muhammadu Jailani, jagoran jihadi a cikin Azbinawa, inda ya kafa hujja da cewa shari'a da ilmi sun fi samun gindin zama a cikin mazauna gari. Abin lura a nan shi ne ribaɗi ya jawo mutane daga fuska biyu, ya fitar da na birni, ya shigo da na daji, suka haɗu a tsakiya. Ilmin ma bai tsaya kan maza ba. Nana Asma'u, wadda mijinta Waziri Giɗaɗo ya kasance na hannun daman Bello, ta tsara 'yan taru, jajis-jajis suna zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu a waƙe su koma wa matan karkara da shi.

Wa ya riƙe kalmen?

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ba mu cika son ambata ba a tarurrukanmu, amma Hausar Sakkwato da kanta ba ta bari a ɓoye shi. Muna da gari, da ƙauye, da tunga, sa'an nan muna da runji, wanda Kanawa ke ce wa rinji, jam'insa rumada. Runji ƙauyen bayi ne masu noma wa ubangijinsu. Muna da gandu, babbar gonar mai gida ko ta sarauta, da gayauna, 'yar gonar da ɗa ko bawa yake nomawa don kansa a ranakun da aka sake shi. Harshe ba ya ƙirƙiro wa abin da babu shi suna.

Da yawa daga cikin waɗanda suka cika ribaɗoɗi da kewayensu kamammun yaƙi ne, an zaunar da su inda ba su zaɓa ba. Su suka yi yawancin aikin ginin ganuwa da yasar gwalalo da noman gandayen da suka ciyar da mayaƙa. Paul Lovejoy ya yi bayanin wannan a nazarinsa na 1978 kan gandayen daular, Muhammad Bashir Salau kuma ya nuna yadda ribaɗin Fanisau ya haifar da rumada a kewayensa. Wasu daga cikin bayin sun riƙe makamai, sun sami muƙamai, zuriyarsu ta narke cikin gari, wannan gaskiya ne. Amma ba ya kankare cewa wadatar abincin da muke yaba wa wancan zamani, rabinta gumin wanda ba a tambaye shi ba ne. Duk mai cewa a koma tsarin kakanni, ya kamata ya faɗa mana wanda zai tsaya a matsayin mutanen runji.

Kada kuma a ɗauka tsarin ya kawo kwanciyar hankali cikakkiya. Bello ya karya haɗakar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa a Gawakuke cikin 1836, amma ba a jima ba Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, suka ci gaba da hari. Cikin 1849 Yakubu Nabame ya tayar da Kabi daga Argungu, wutar da ba ta mutu ba har zuwan Turawa. Barth, watau Abdulkarimu, ya zauna a Wurno cikin 1853, labarin da ya bayar kuwa na gari ne mai cunkoso, wanda mutanensa ke cikin fargabar mahara, hanyoyinsa kuma ba a bin su sai cikin ayari. Abin da ribaɗi ya yi shi ne ya sa ana iya noma duk da haka. Manomi ya fita da safe, mai tsaro yana bisa ganuwa ko bisa itace, in an hango ƙura a buga ganga kowa ya sheƙo, a rufe ƙofa. Hatsi yana cikin gari, saboda haka ko an ƙone karan gona ba a ƙone shekara ba. Ta haka ƙasar da ke kewaye da Sakkwato ta cika da mutane har ta zama ɗaya daga cikin wuraren da suka fi yawan jama'a a karkarar Arewa.

Bayan an bar ganuwa

Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da niyyar hijira, dubban talakawa da bayi suka bar gonakinsu suka bi shi, har aka kashe shi a Burmi cikin Yuli na shekarar. Da ƙura ta lafa, hari ya ƙare, bautar ma ta kama hanyar mutuwa, tun da dokar Lugga ta 'yanta duk wanda aka haifa daga Afrilu 1901, aka kuma soke ta ɗungum cikin 1936. Sai aka sami wata irin komawa karkara wadda ba wanda ya tsara ta. Mutanen rumada suka tashi neman dajin da ba shi da mai shi, mutanen gari suka gaji da tafiya mai nisa zuwa gona suka tare a bakinta. Duk wanda ya bi taswirar lardin Sakkwato zai ga Tungar wane da Gidan wane ba iyaka, sunan mutum guda a kan kowane, watau wanda ya fara sare dajin. Ganuwa ta zama wurin ɗibar ƙasar gini.

Wannan zama ya fi kusa da mafarkin mai murabus na yau, kuma yana da daɗinsa, don mutum ya zama mai kansa. Sai dai ya dogara ne bisa wani abu da mazauna tunga ba su suka samar da shi ba, ba su kuma da iko a kansa, watau zaman lafiyar da hukuma mai nisa ta tabbatar. Ta fuskar abinci ma bai cika alkawari ba. Haraji ya koma na kuɗi, dole a sayar da hatsi da kaka lokacin da ya fi araha, rumbunan zakka da na sarauta da akan buɗe in an shiga wuya suka yi rauni. Michael Watts ya bi diddigin wannan a littafinsa na 1983 kan yunwa a Arewa, tun daga Kakalaba ta 1914 har zuwa farin 1972 zuwa 1974. Tungar da ba ta da fadama kuwa girbi ɗaya gare ta, shi ya sa cin rani ya zama sana'ar lardin nan, har Prothero ya yi masa ƙidaya ta musamman a ranin 1952 zuwa 1953. Magidanci ya bar gida bayan girbi don bakinsa ya ragu a kan rumbu, ya tafi Kurmi ko Gwanja, ya dawo da kuɗin haraji.

Gwamnatocin bayan mulkin kai sun yi ta kiran a koma gona. An yi Shirin Ciyar da Ƙasa cikin 1976, aka ce kowane ma'aikaci ya yi lambu a bayan gidansa. Shugaba Shehu Shagari, ɗan wannan ƙasa, ya ƙaddamar da nasa shirin bunƙasa noma cikin 1980. A shekarar ce kuma, cikin Afrilu, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta kan manoman Bakolori da suka tsaya neman diyyar gonakin da madatsar ruwa ta cinye. Madatsar Goronyo ta biyo baya a kan gulbin Rima. Waɗannan shirye-shirye sun yi maganar taki da iri da tarakta da ruwa. Ba su yi maganar wanda zai tsare manomi ba, don a lokacin ba wanda ya ga bukatar tambayar.

Tambayar ta dawo da kanta. Fashin daji da ya faro daga Zamfara ya tsallako gabashin Sakkwato, ya bi kusan hanyoyin da Bello ya jera garuruwansa a kai. Cikin Yuli 2018 aka faɗa wa Tabanni da ƙauyukan da ke kusa da ita a ƙasar Raba, waɗanda suka tsira suka kwarara Gandi, tsohon ribaɗi, aka sauke su a makaranta. Cikin Satumba 2021 gwamnatin jiha ta sa aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 14, wata guda bayan haka aka kashe mutane da yawa a kasuwar Goronyo. A ƙasar Isa da Sabon Birni an ba da labarin garuruwan da aka aza wa kuɗi kafin a bar su su shuka ko su girbe. Tungayen da suka fi nisa da kowa su suka fara zama kufai. Rumbun da ake cewa mai shi ba ya kwana da yunwa, shi ne abin da ake fara cinna wa wuta, ko a sa mai shi ya ɗora buhunan bisa babur da hannunsa.

Wani abokin aikina da ya girme ni, wanda muka daɗe muna shan shayi tare, ya yi murabus shekarun baya. Ya sayi fili mai faɗi a gabas, nesa da titi, don a cewarsa maƙwabta su ne rabin wahalar duniya. Ya haƙa rijiya, ya sa faifan hasken rana, ya gina rufewa biyu, ya dasa mangwaro da zogale, ya zuba tumaki. Na je na gani, na kuma yi sha'awa, har na soma tambayar kuɗin fili a wajen. Damina uku ya ci a can. A ta huɗu aka ɗauke wani manomi a tungar da ke kusa da shi, sai 'ya'yansa suka je da mota suka kwaso shi da matarsa, tumakin aka sayar a Acida da rabin kuɗinsu.

Yanzu yana zaune a gidan ɗansa a cikin gari. Ya karɓi aron 'yar gona a fadamar Kwalkwalawa, kan hanyar tsohuwar jami'a, inda masu lambu suke jere kafaɗa da kafaɗa, kowa na ganin kowa. Yana fita bayan sallar asuba ya dawo kafin la'asar, abin da ya samu na albasa da tattasai ya ɗauko ya kawo gida. Da na ce masa ai wannan shi ne abin da mutanen da suke kira noma-jiɗe, irin na mazauna cikin ganuwa, sai ya ce shi dai bai san sunansa ba, amma yana barci. Mangwaron da ya dasa a can, an gaya masa sun fara 'ya'ya bara.